Ɗakin gobe da nisa: wa ke da ikon cewa a dakata?

Da safiyar Asabar 13 ga watan Maris na shekarar 2021 iskar oksijin ta yanke a sabon asibitin gwamnati na garin Salt, kusa da Amman, babban birnin ƙasar Jodan. Wajen sa'a guda aka yi babu iska cikin bututu, alhali ɗakunan cike suke da masu cutar korona waɗanda numfashinsu ya rataya ga wannan bututu. Kafin a kawo ɗauki mutane sun fara cikawa, kuma a ƙarshe rai 10 kotu ta ƙidaya. A ranar Sarki Abdallah na Biyu ya iso asibitin da kayan soja a jikinsa, ya tsare shugaban asibitin da faɗa a gaban jama'a, ministan kiwon lafiya Nazir Obeidat ya ajiye aiki, sannan a watan Disamba kotu ta ɗaure shugaban asibitin da mataimakansa 4, shekara 3 kowanensu.

Duk wanda ya saba ganin ɓarna ta wuce ba a ce wa kowa uffan ba, in ya ji wannan labari zai ce madalla, haka ake mulki. Ba a ƙi tasa ba. Minista ya sauka saboda talaka ya mutu abu ne da ba kullum ake gani ba, ko a ƙasashen da ke fahariya da dimokuraɗiyya. Sai dai a bi kwanakin da suka biyo baya a gani. Ranar 21 ga Afrilu, a garin Nashik na ƙasar Indiya, tankin oksijin ya yi yoyo ana cikin cika shi, iska ta tsaya wajen rabin sa'a, mutum sama da 20 suka mutu a kan gadajensu. Bayan kwana 3, cikin wani dare na watan azumi, tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, wuta ta cinye ɗakin masu tsananin ciwo, mutum 82 suka halaka, majinyata da ƴan jinyarsu. Nan ma aka dakatar da ministan lafiya Hassan al-Tamimi, daga baya ya yi murabus. Ba a cika wata 3 ba, ranar 12 ga Yuli, wani ɗakin masu korona ya kama da wuta a Nasiriyya, cikin ƙasar ta Iraƙi dai, mutum sama da 60 suka ƙone. Minista ya tafi, amma wayoyin lantarki da tukwanen iska suna nan yadda ya bar su.

To, in saukar minista da ɗaurin darakta ba su hana ta biyu aukuwa ba, mene ne ke hanawa?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san irin ɗakin da ake magana a kai. Likitoci na kiransa sashen farfaɗo da masu tsananin ciwo, mutanen gari kuma sun yi masa laƙabi da ɗakin gobe da nisa. Majinyacin da ke ciki sau da yawa an sa shi barci da magani, an zura masa bututu cikin maƙogwaro, na'ura ce ke numfashi a madadinsa. An soka masa wani siririn bututu cikin babbar jijiyar wuya, ƙananan injina uku ko huɗu suna ɗiga masa magunguna dare da rana, kowane da nasa awo. Ba ya iya cewa wannan ba maganina ba ne, ba ya iya cewa allurar nan ta yi zafi. In hannu ya kuskure aka ƙara sifiri ɗaya a jikin inji, magani ya ninka sau 10, kuma babu mai kuka sai na'ura. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar ita ce ƙwararren ma'aikacin jinya ɗaya ga majinyaci ɗaya da ke kan na'urar numfashi. Da korona ta cika asibitoci a farkon 2020, hukumomin can suka yarda ƙwararre ɗaya ya riƙe har majinyata 6, tare da mataimakan da aka kwaso daga ɗakin tiyata da wasu sassa, mutanen kirki masu niyyar alheri waɗanda wasunsu ba su taɓa aiki da waɗannan injina ba.

Ga kuma takunkumi da gilashin fuska da rigar leda, murya ba ta fita sosai, ba a gane wane ne wane sai an rubuta suna a ƙirjin riga. Magungunan sa barci da aka saba da su suka yi ƙaranci, aka kawo wasu masu ƙarfi dabam cikin kwalabe masu kama da juna. Ana kifar da majinyaci a kan cikinsa don huhu ya buɗe, aikin da ke neman mutum 5 ko fiye, kuma a kowane juyi bututun maƙogwaro yana iya zamewa. An hana dangi shiga, watau an rasa idon da kan lura cewa yau fuskar baba ta canza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, amma da suka haɗu sai ƙofofin kuskure suka yawaita a daidai lokacin da masu tsaronsu suka ragu.

Batun iskar kanta ya cancanci a dakata a kansa, domin nan ne aka fi asarar rayuka a lokaci guda. Majinyaci na yau da kullum lita 2 zuwa 5 a minti ta ishe shi. Mai korona da aka ɗora wa na'urar iska mai ƙarfi yana iya shan lita 60 a minti. Asibitin da aka gina wa tanki da bututu bisa lissafin farko, in ya wayi gari da gadaje da dama na lissafi na biyu, tankin da kan yi kwanaki sai ya ƙare da wuri, ko bututun ya kasa kai iskar ɗakin ƙarshe. Sannan iskar da mutane ke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne oksijin. A rufaffen ɗaki inda take tsiyaya ta gefen takunkumin majinyata da yawa, adadin yana hawa, kuma da ya hau sai katifa da zanen gado da gashin kai da ruwan goge hannu su zama kamar busasshiyar ciyawa a watan bazara. Tartsatsi ɗaya daga wayar da aka ɗora wa kaya fiye da kima ya isa.

Duk wannan ba asiri ba ne. Tanki yana da agogon awo a jikinsa, allurarsa tana sauka a hankali, a gaban idon duk wanda ya duba. Saboda haka in iska ta ƙare a asibiti, ɗayan uku ne: ko ba a ɗora wa kowa duba agogon ba, ko wanda ya duba ya ji tsoron tayar da babba daga barci, ko ya faɗa an ce masa ya je ya yi aikinsa. A kwatanta da abin da ya faru a asibitin Watford, kusa da Landan, ranar 4 ga Afrilu na 2020. Da suka ga na'urorin iskarsu sun kai maƙura, sai suka yi shela a fili, suka roƙi jama'a kada su zo, suka juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci, suka kwashe wasu majinyata. Labarin ya shiga jaridu, a idon wasu abin kunya ne, amma an tari abin kafin ya zama makoki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan shi ne abin da masana harkar asibiti ke nufi da ɗabi'ar kare majinyaci. Kalmar tana da daɗin faɗa a taron ƙara wa juna sani, inda ake raba kuɗin zama da lemo, amma ma'anarta a aikace guda ce mai sauƙi: shin ƙaramin ma'aikaci yana iya ce wa babba a dakata, kuma ya kwana lafiya? Misalin da aka fi sani ya fito daga jihar Mishigan ta Amurka. Wani likita mai suna Peter Pronovost ya tsara matakai 5 na soka bututun babbar jijiya: a wanke hannu, a goge fata da magani, a rufe majinyaci da tsabtataccen ƙyalle, a guji jijiyar cinya, a cire bututun da zarar amfaninsa ya ƙare. Babu likitan da bai san su ba tun yana makaranta. Sabon abin da aka kawo shi ne an ba ma'aikaciyar jinya iko ta tsayar da likita in ya tsallake mataki ɗaya, kuma shugabannin asibiti suka tsaya mata. Sakamakon da aka buga a 2006, daga ɗakuna 103, ya nuna cutar da ke shiga jini ta wannan bututu ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Takardar matakan ba ta kai farashin kofin shayi ba. Abin da ya yi tsada shi ne babban likita ya haɗiye girman kansa a gaban yarinyar da ya girme wa da shekara 20.

Kada kuma a ɗauka in an gina wannan ɗabi'a shi ke nan ta zauna. A Amurkar dai, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa a watanni 3 na ƙarshen 2020 wannan cuta ta bututun jijiya ta ƙaru da kashi 47 cikin 100 a kan daidai wannan lokaci na 2019, bayan shekaru ana samun raguwa. Ma'aikatan ba su manta wanke hannu ba. Sun gaji ne, sun yi kaɗan, wasu suna kwance da cutar, wasu suna kwana a mota ko a ɗakin haya don kada su kai wa iyalinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu na 2020 da Mayu na 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 korona ta kashe. Mutumin da ya yi sa'a 12 cikin rigar leda, bai sha ruwa ba, ya binne abokin aikinsa shekaranjiya, in an ce ya karanta ƙananan rubutun jikin kwalba sau biyu kamar yadda doka ta ce, an faɗi gaskiya, amma an manta shi ma ɗan Adam ne. Gwamnatin da ta tafa wa ma'aikatan jinya a talabijin ta bar su da bashin albashi ko ba safar hannu, ita ta fara karya dokar kare majinyaci.

Sai batun tsoro, wanda shi ne gishirin maganar. A jihar Tenesi ta Amurka wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauko maganin sandarar da jiki a maimakon na kwantar da hankali a watan Disamba na 2017, majinyaciya mai shekara 75 ta rasu. Nan take ta faɗi abin da ta yi, ba ta ɓoye ba. A watan Maris na 2022, annoba ba ta gama lafawa ba, kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke mata shekara 3 na zaman talala. Ƙungiyoyin ma'aikatan jinya suka yi ca, suna cewa darasin da kowa ya ɗauka shi ne gobe in ka yi kuskure ka ja bakinka ka yi shiru. Ƙasar Danmak ta bi wata hanya. Dokar da majalisarta ta yi a 2003 ta tilasta wa ma'aikacin lafiya ya kai rahoton duk kuskuren da ya gani ko ya yi, ta kuma hana a yi amfani da wannan rahoto a hukunta shi. Dabarar daga masu jiragen sama aka aro ta, domin tun 1976 matuƙan jirgi a Amurka suna da inda suke kai rahoton kuskurensu a asirce, a hannun wata hukuma dabam da wadda ke da ikon karɓe musu takardar tuƙi.

A nan ne mai karatu zai ɗaga hannu, kuma yana da gaskiya. Zai ce a ƙasar da ɓarawon dukiyar jama'a ke yawo da sabuwar mota, yanzu kuma a zo a ce kada a hukunta mai kuskure a asibiti? Ashe ba an ba kura ajiyar nama ba? Amsar ita ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda ya rikita kwalabe biyu masu kama da juna da ƙarfe 3 na dare yana riƙe da gadaje 10. Wannan a gyara masa ajiyar kwalaben a ƙara masa abokin aiki. Akwai wanda ya san doka ya take ta da gangan, ya bar ɗaki ya tafi shan shayi, ko ya tafi asibitinsa na kuɗi a lokacin aikin gwamnati. Wannan horo ya kamace shi. Akwai kuma wanda ya sayar da tukunyar iska ta bayan katanga, ko ya sa hannu a takardar gyaran injin wuta alhali ba a gyara ba. Wannan ɓarawo ne, wurinsa gidan kaso. Kuma akwai na huɗu wanda ba a cika ambata ba: babban da aka rubuto wa sau uku cewa injin ya lalace, ya saka takardar cikin aljihun tebur. In za a ɗaga sanda, a fara da shi. Abin da ake yi yanzu a wurare da yawa shi ne akasin haka, sanda tana sauka a kan wanda ba shi da kowa a sama, ko da kuskurensa na gajiya ne, tana tsallake mai uwa a gindin murhu ko da nasa ganganci ne. A irin wannan tsari babu mai faɗin gaskiya, kuma babu mai jin tsoron ɓarna. An yi biyu babu.

Nijar ta ga korona da sauƙi in an kwatanta da wasu. An sanar da mutum na farko ranar 19 ga Maris na 2020, aka killace Yamai, aka kafa dokar hana fitar dare, ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu da cutar ranar 3 ga Mayu, kuma alƙaluman hukuma sun tsaya a mamata 300 da ƴan kai. Wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne. Cunkoson da Turai ta gani ta firgita, ɗakunan yara na Magarya da Madarunfa suna ganin irinsa kowace damina, lokacin da zazzaɓin sauro ya haɗu da tamowa, yara biyu ko uku a gado ɗaya, ma'aikacin dare ɗaya yana lissafin magani bisa nauyin kowane yaro. An ga sanƙarau a 1995 da 2015, an ga kwalara a 2021 a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, bayan bincike a cibiyoyin lafiya na manyan birane 5 na Afirka ta Yamma har da Yamai, ya bayyana abin da kowane talaka ya riga ya sani: mai sanayya ana duba shi da wuri, wanda ba shi da kowa ya jira, kuma hukunci ba ya cika bin laifi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa da ladabi. In mutum ya rasu a asibiti, dangi kan ce kwanansa ya ƙare, su ɗauki gawa, kafin la'asar an yi sutura. Wannan haƙuri abin yabo ne a wurin mai rashi, kuma ba wanda ke jayayya da ajali. Amma asibiti ba shi da haƙƙin fakewa a bayan haƙurin mutane. Inda ba a binciken gawa, ba a kai ƙara, ba a tambaya, kuskure tare da mamaci ake binne shi, kuma mutum ɗaya tak da ya san abin da ya faru shi ne wanda ke aikin dare. In shi ma ya yi shiru don tsoron takardar tuhuma, ko tsoron a jefa shi can wani ƙauyen da mota ke zuwa sau ɗaya a mako (ma'aikatan gwamnati sun san irin canjin wurin aikin da ake nufi), to kwalaben nan biyu masu kama da juna za su ci gaba da zama a kanta ɗaya har su sami wani.

Ɗan jinya ma abin dubawa ne. A asibitocin ƙasar nan shi ne ƙararrawa: shi ke lura ƙarin ruwa ya ƙare, shi ke gudu ya kira majo, shi ke sayo magani. Ranar da annoba ta tilasta a fitar da shi daga ɗaki, wa zai ɗauki aikinsa? In kuma an bar shi ciki ba tsari, ga abin da ya faru a Bagadaza. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan kasuwa ba baƙi ba ne a wannan magana. Alhajin da ke da manyan motoci a hanyar Ƙonni ko ta Agadas ya sani sarai cewa in yana zagin duk yaron motar da ya ce ya ji wata ƙara a ƙafar baya, ba zai sake jin labarin ƙafa ba sai ranar da aka kira shi aka ce mota ta kife da kaya. Kuma su ƴan kasuwar ne ke karɓar kwangilar iska da man injin wuta da kayan gyara. In baitulmali ya riƙe musu kuɗi wata 8, su ma su riƙe kaya, mai biyan bashin shi ne majinyacin da ke kan gado, wanda bai san da kwangilar ba. Sayen sabuwar na'ura yana da biki, da yanke ƙyalle, da hoto. Kuɗin gyaranta da horar da wanda zai riƙe ta ba su da biki, shi ya sa sukan ɓace daga kasafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci ta korona ranar 5 ga Mayu na 2023. Tankuna da na'urorin da aka saya ko aka karɓa kyauta a lokacin suna nan a asibitoci. Ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, waɗanda suka iya tsayawa kan alawus da ƙarin girma, suna da ƙarfin neman doka irin ta Danmak, wadda ba ta cin ko dala daga baitulmali. Kafin a kai ga doka, kowane shugaban asibiti yana iya sa littafi a gindin tanki a riƙa rubuta awo safe da yamma da tsakar dare, ya liƙa a bango sunan wanda za a kira in allura ta kai wani layi, ya zauna da ma'aikatansa sau ɗaya a mako a tattauna abin da ya kusa faruwa ba tare da an tambayi laifin wane ne ba, kuma ya bar wayarsa a kunne in zai kwanta.